Motar da aka juya wa sitiyari: lacca daga Zariya

Assalamu alaikum. Na baya kuna ji na? To madalla. Malamaina, shugabannin kanikawa, direbobinmu na Kwangila da na hango can gefe, ɗalibai, barkanmu da yamma.

Abubuwa huɗu na zo da su a kan gyaran da ake yi wa mota idan za a kai ta wata ƙasa a sayar. Na farko shi ne wanda kamfani ke yi da kansa. Motar da za ta ƙasashen Larabawa, tun daga masana'anta ake ba ta babban lagireto da na'urar sanyaya mai ƙarfi da matatar iska mai jure ƙura. Dattawan da ke nan sun san Peugeot 504 da aka fara harhaɗawa a Kaduna a 1975, hanyoyinmu aka duba aka yi ta. Wannan ba matsala, mu wuce.

Na biyu, kuma a nan zan zauna, shi ne juya sitiyari. Ranar 2 ga Afrilu 1972 Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama, Ghana ta biyo baya a 1974. Japan da Ingila har gobe a hagu suke tuƙi, don haka sitiyarinsu yana dama. Ga Japan da motoci masu araha, an tsufar da su a takarda amma injin lafiya lau. Dokarmu kuwa ba ta yarda da sitiyarin dama ba. Sai 'yan kasuwa suka samo dabara, a sauke motar a Dubai ko Sharja, a juya ta, a sake loda ta a jirgi.

Jama'a, juya sitiyari ba ɗauke kujera ba ne daga nan zuwa can. Bari in sake faɗa, ba ɗauke kujera ba ne. Za a cire dashbod gaba ɗaya. Za a huda bangon ƙarfen da ya raba inji da direba, a toshe tsohon rami da walda. Birki da totur da kuloci duk sai sun yi ƙaura, tukunyar man birki ta bi su, a ƙara wa bututunta tsawo. Wayoyin da kamfani ya auna daidai, a yanka a yi musu jone. Wanda ya san aikinsa yakan sayo kayan hagu na asali ya ɗora. Mai neman riba da sauri kuwa sai ya yanka ƙarfen sitiyarin ya yi masa walda, kai kuma ka hau hanyar Kano kana gudun kilomita 120 a kan waldar da ba ka san wanda ya yi ta ba. Alhaji yana dariya, wataƙila irinta ya ajiye a waje.

To yaya za ka gane ta? Shiga ka kunna sigina. Idan maimakon sigina waifa ta hau share busasshen gilashi, ka fara zargi, domin a motar Japan sandar sigina tana dama. Dubi ɓangaren da waifar ke kwanciya, ba kasafai ake juya shi ba, sai ya bar wa direba kusurwar da ba ta sharuwa idan ana ruwan Agusta. Fitilar gaba ma haka, an karkata haskenta zuwa hagu don gefen titin Japan, a nan kuwa hagu shi ne idon mai tahowa. Bas ɗin Hiace ta fi ban tsoro: ƙofar fasinja tana hagu, wato idan direba ya tsaya a Samaru, tsakiyar titi yaron mota zai sauke mace da goyo.

Na uku, ko na huɗu ne? An ce saura minti biyar. Rediyon motar Japan daga 76 zuwa 90 yake kamawa, tashoshinmu na FM suna kaiwa 108, dole a canza shi. Ta Amurka da mil take lissafi, mil ɗaya kilomita 1.6 ne, allura tana kan 70 kai kana gudun 112. Akwai kuma motocin gwanjo da ambaliya ta cinye, a wanke a fesa turare, wannan sai wata rana.

Na'am, ga hannu can. A miƙa masa makirfo.

Malam yana tambaya, tamostat da suke cirewa da zarar mota ta iso, ai gyara ne don zafin ƙasarmu? Malam, ka yi haƙuri, ban yarda ba. Tamostat ba don ƙanƙarar Turai aka sa shi ba. Inji yana son ya yi aiki a wajen digiri 90, shi kuma aikinsa ya riƙe ruwa har injin ya kai nan, sannan ya buɗe. Ka cire shi, da sanyin hunturun Zariya injin zai daɗe bai ɗumama ba, kwamfutar motar ta yi ta ƙara fetur tana zaton yanzu aka tayar. Mai motar ya dawo yana kukan shan mai. Idan mota tana zafi, duba lagireto ko ya toshe, duba fanka, duba famfon ruwa. In tamostat ɗin ne ya maƙale, sa sabo. Na ga ba ka gamsu ba, ga shi an kira salla, same ni a bakin ƙofa da wanda ka cire na ƙarshe, mu jefa shi a tafasasshen ruwa mu gani ko yana buɗewa.