Na kawo ku inda ake wanke yashi a fitar da mai

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Ku yi haƙuri da muryata, sanyin yau ya kusa digiri 30 ƙasa da sifili, wayar ma da ƙyar nake riƙe ta. Tun bidiyon da na yi kwanaki ake ta tambayata wai malam wane irin aiki ne ya kai ka wannan ƙarshen duniyar, to yau na cika alkawari.

Nan arewacin lardin Albata ne a Kanada, garin da na baro a bayana sunansa Fort McMurray, daga Edmonton, babban birnin lardin, kusan awa 5 ne a mota kan hanya mai lamba 63, ba komai dama da hagu sai daji. Kogin da ya ratsa ta garin shi ne Atabaska, sunansa yashin ya ci.

Bari in matso da kyamara ku ga abin da ke cikin kwalbar nan. Kun gani? Baƙin yashi ne, da yumɓu da ɗan ruwa da kwalta a cakuɗe, kwaltar ba ta fi kashi 10 zuwa 12 cikin ɗari ba. In ka shinshina kamar ka tsaya inda ake zuba wa titi kwalta a watan Afrilu. A sanyin nan ya daskare tamau kamar dutse, amma in na shiga ɗaki da shi ya sha ɗumi sai ya saki ya riƙa manne wa yatsa kamar maɗi. To wannan abin da kuke gani shi ne arzikin wajen nan kaf, ba rijiya ake haƙawa mai ya yi tsiri ba.

'Yan asalin ƙasar, Kiri da Dene, sun daɗe da saninsa, da shi suke liƙe jiragen kwalekwalensu. Yadda za a raba kwaltar da yashin ne ya gagari mutane, sai da wani masani Karl Clark ya yi shekaru yana gwaji da ruwan zafi har ya yi rajistar dabarar a 1929, kuma duk da haka babbar masana'anta ta farko sai 1967 ta fara aiki, ita ce ta zama kamfanin Suncor a yau, ta kamfanin Syncrude ta biyo baya a 1978. Ku lissafa shekarun nan, ba a dare ɗaya aka yi ba.

Aikin kansa ga yadda yake: a share daji, a kwashe ƙasar sama, manyan injina su ɗebi yashin su zuba wa tifofi, kuma wallahi in na ce tifa kar ku kawo irin ta masu yashi ta gida a ranku, babbar cikinsu tana ɗaukar kusan tan 400 a sawu ɗaya, tayarta kaɗai ta ninka tsayina. A kai shi a farfasa, a dama da ruwan zafi, kwaltar ta taso sama kamar kumfa a kwashe, yashin ya kwanta. Sai an wanke kamar tan 2 kafin a samu gangar mai ɗaya. Amma haƙar nan sai inda yashin bai wuce zurfin mita 75 ba, mafi yawansa, kusan kashi 80, ya yi ƙasa sosai, shi kuma bututu biyu ake kwantarwa a ƙarƙashin ƙasa, na sama ya hura tururi kwaltar ta narke ta gangaro, na ƙasa ya zuƙo ta. In aka haɗa nan da yankunan Cold Lake da Peace River masu irin wannan yashin, faɗin wajen ya haura murabba'in kilomita 140,000, kamar jihar Borno sau biyu kenan, kuma abin da ake fitarwa kullum ya wuce ganga miliyan 3, ya fi na Najeriya gaba ɗaya.

Kun ji wannan ƙarar? Bum! Ba harbi ba ne, igwar korar tsuntsaye ce. Can bayan shingen akwai tafkunan da ake zuba ruwan wankin, ido ba ya ganin ƙarshensu, in tsuntsu ya sauka fiffikensa ya sha kwalta shi kenan. A 2008 agwagi kusan 1,600 suka mutu a ɗaya daga cikinsu. Wannan ne ke tsaya min a rai, domin kogin nan arewa yake gangarawa zuwa Fort Chipewyan, mutanen can kifinsa suke ci tun kaka da kakanni, kuma shekara da shekaru suna kokawa kan ruwansu da lafiyarsu. Ni a nan nake samun abin da nake turawa gida, kuɗin makarantar ƙannena da maganin Hajiya duk daga yashin nan ne, alhamdulillahi, amma ba zan nuna muku tifa in ɓoye muku tafkin ba.

Shi ya sa duk sanda na ji ana maganar kwaltar da ke kwance a jihar Ondo, wajen Agbabu, ana cewa in aka fara haƙa an warke, abin da nake fara tambaya shi ne ina za a zuba ruwan wankin, kuma su wa ke shan ruwa a gangaren wajen? A nan da dokarsu da kuɗinsu har yau ba su gama da tafkunan nan ba.

Ina son in kai ku unguwannin da gobarar dajin 2016 ta cinye, lokacin da mutum sama da 80,000 suka fice daga garin ta wannan hanyar da nake tsaye a kai, amma ga bas ɗinmu can ta sako kai, kuma in ta wuce ka sai ka nemi wata dabarar. Sai Juma'a in Allah ya kai mu, bayan an sauko masallaci.