Laccar Aboabo: ina ƙwayar HIV take ɓuya?

Assalamu alaikum. Na baya kuna ji na? To madalla. Abu uku zan faɗa in lokaci ya bari.

Na farko shi ne takardar nan da ake ba mutum a asibiti a ce ba a ga ƙwayar ba. Yana shan maganinsa kullum, an ɗebi jini an auna, abin da ke ciki bai kai kwafi 50 a mililita ɗaya ba. Alhamdulillahi, babban abu ne, mai irin wannan sakamako ba ya sa wa matarsa ta hanyar kwanciya. Amma fa jini aka auna. Jini. Ku riƙe wannan.

A ce an aike ka ƙirga mutanen Kumasi, sai ka tafi Kejetia ƙarfe biyun dare ka tsaya bakin titi, ka ga mai shayi da kare ɗaya, ka dawo ka ce gari ba kowa. (dariya) Ai mutane na ɗaki suna barci! To jini titi ne. Sojojin garkuwar jikinmu, kusan kashi 2 cikin 100 ne kawai ke yawo a jini, sauran suna zaune a kaluluwa da saifa da bangon hanji, kuma hanjin nan babbar unguwa ce, don duk abin da ka ci, waakye ne, tuwo ne, ruwan leda ne, ta nan zai bi, dole a girke masu gadi a wurin. Baba na ga kana shafa ciki, lafiya lau, ba da kai nake ba. Masu gadin nan da ake kira CD4, na hanji da yawansu suna da wata ƙofa sunanta CCR5, ta nan ƙwayar ke shiga, shi ya sa a makonnin farko tun mutum bai san yana da ita ba ta riga ta yi ɓarna a hanji. Sai ta cusa rubutunta cikin DNA, wato littafin halitta, na mai gadin, shi kuma ya kwanta barci da ita a ciki. Magani na hana ta haihuwa ne, mai barci bai san da zamansa ba. Tun 1997 aka gano haka a Amurka, daga baya aka lissafa sai wata 44 kafin rabin masu barcin su ƙare, wato a jira su ƙare duka ya haura shekara 70. Jini titi ne, na faɗa ko?

Ya ake auna ƙwayar da ta ɓuya, wannan na biyu ne ko na uku, oho. Ana zura siririn bututu mai kyamara ta dubura a tsinko ɗan nama, bai kai ƙwayar shinkafa ba, a ƙirga da PCR, gwajin da ke ƙirga rubutun ƙwayar. Sau da yawa abin da ake samu a hanji ya fi na jini. Matsalar ita ce PCR kamar ƙirga motocin Suame Magazine, unguwar makanikai, ne, fiye da kashi 90 cikin 100 matattu ne, ba inji ba taya. In kuma ta da masu barcin za a yi a ɗakin gwaji a ga mai tashi, kusan ɗaya cikin masu gadi miliyan ake samu, yana cin makonni, wasu kuma ba sa tashi a karon farko. A 2019 aka fito da gwajin IPDA mai ware lafiyayyu daga matattu.

Na'am Hajiya? Ku miƙa mata abin magana.

Tana tambaya, wanda takardarsa ta nuna ba a gani, mai maganin gargajiya kuma ya ce ya warke, zai iya ajiye na asibiti? Hajiya, a'a. Yawanci sati biyu zuwa huɗu ƙwayar ke dawowa jini. Akwai wata jaririya a Mississippi da aka fara ba magani awa 30 da haihuwa, aka daina tana wata 18, ta yi wata 27 ba a ga komai ba, duniya har ta fara murna, a 2014 ƙwayar ta dawo. Ki ce masa ya koma ya karɓi maganinsa, in kunyar layi yake ji ki raka shi. An kira magariba, mai sauran tambaya ya same ni bakin ƙofa bayan salla.