Amsoshin Tambayoyinku: Sifesa da Dogayen Sitod a Ƙafar Mota

Mai gabatarwa: Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa a filin amsoshin tambayoyinku. Wasiƙun wannan mako kusan duk a kan abu ɗaya suka taru, wato sifesa, faifan nan da ake sawa tsakanin hob, ƙarfen da ake ɗaure wili a jikinsa, da wilin kansa domin taya ta ƙara fitowa waje. Tare da ni akwai injiniyan motoci, da kuma babban bakanike da ya ƙware a aikin ƙafa. Injiniya, da kai zan fara. Wani mai sauraro ya rubuto cewa ya rage wa motarsa tsayi, ya sauya mata wili, sannan ya sayo sifesa mai kaurin milimita 10 irin wadda ake zurawa kawai a kan sitod. Da aka zo ɗauri sai ya lura noti zagaye huɗu kacal yake yi ya tsaya. Mai faci ya ce masa ba komai, tunda ya ɗauru. Shin ya hau titi?

Injiniya: Kada ya hau, ko nan da can. Lissafin ba shi da wuya. Sitod, wato kusoshin nan masu tiredi da ke fitowa daga hob, a yawancin motocin Toyota da Honda da Mazda awonsu M12 x 1.5 ne. Ma'ana kaurinsa milimita 12, kuma duk zagaye ɗaya noti yana shiga milimita 1.5. Zagaye huɗu milimita 6 ke nan. Ƙa'idar da ake bi ita ce noti ya kama tiredi aƙalla daidai da kaurin sitod ɗin, milimita 12, wato cikakken zagaye takwas. In Nissan ce ko Subaru, nasu tiredin 1.25 ne, don haka goma zai ƙirga. Malamin nan rabin abin da ake buƙata yake da shi.

Akwai abin da mutane da yawa ba su gane ba. Ba a kan sitod nauyin mota yake zaune ba. Idan aka ɗaure noti, sitod yana ɗan miƙewa kamar roba, abin da ido ba ya gani, kuma wannan miƙewar ce ke matse wili da sifesa da faifan birki da hob su zama kamar abu guda. Matsewar ce ke riƙe da taya. In tiredin da aka kama ya yi kaɗan, 'yan haƙoran nan huɗu su za su ɗauki duk ƙarfin, sai su fara kwanciya, matsewa ta ragu, wili ya fara motsi a kan sitod yana lanƙwasa su gaba da baya har su karye ɗaya bayan ɗaya. Mai faci ya ji noti ya yi tauri a hannunsa, amma taurin hannu ba ya nuna yawan tiredin da ya kama.

Mai gabatarwa: To yaya zai yi?

Injiniya: Ya sa sitod da suka fi na asali tsawo da aƙalla kaurin sifesar. Sifesa mai milimita 3 sau da yawa tana wucewa da sitod na asali, mai 5 sai an ƙirga zagaye an gani, daga nan zuwa sama kuwa sauyi ya zama dole.

Mai gabatarwa: Wannan ya kawo mu wasiƙa ta biyu. Mai ita yana son ya sauya sitod ɗin da kansa, yana neman a bi da shi daki-daki. Oga, wannan fagenka ne.

Bakanike: To, tun a wurin saye ake fara kuskure. Mutum zai ce a ba shi M12 x 1.5 dogo, ya ɗauka shi ke nan. Alhali a gindin sitod, kusa da kansa, akwai wani wuri mai zane-zane da ke cije ramin hob, kuma kaurin wurin nan ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani. Na Toyota ya fi na Honda kauri duk da tiredinsu ɗaya. In ya yi siriri, sitod zai riƙa juyawa tare da noti, ranar da taya ta yi faci ka rasa yadda za ka kwance ta. In ya yi kauri, zai buɗa ramin ko ya tsaga hob. Saboda haka a cire guda ɗaya tukuna, a auna gindinsa da ma'aunin ƙarfe, a tafi da shi. A kuma duba kan sabon, a ga lamba 10.9, ita ce ke nuna ƙarfin ƙarfen. Wanda ba lamba a kansa, a bar wa mai shi kayansa.

Aikin kuwa, a sassauta notuna mota tana ƙasa, a ɗaga ta, a sa mata tsayayyen abin tokara, kada a dogara da jak shi kaɗai. A cire taya, a kwance kalifa, wato abin da ke matse faifan birki, a rataye ta da waya a jikin sifirin, kada a bar ta tana lilo da tiyon man birki. A cire maƙalarta, sannan faifan birki. Yanzu ga hob tsirara.

Wajen fitar da tsohon sitod, yawanci guduma ake ɗauka. Yana fita, ban ce ba ya fita ba, amma duk dukan da ka yi boris, abin da hob ke juyawa a kansa, shi ke shan sa, kuma bayan 'yan watanni za ka ji ƙafar ta fara kuka. Abin matse boljoyin ya fi, yana tura shi waje a hankali ba duka.

Inda ake shan wuya shi ne shigar da dogon. Ta baya yake shiga, kuma bayan hob akwai ƙarfen ƙafa da murfin kare ƙura. Sai ka juya hob a hankali ka nemo inda akwai rata, galibi ta wajen da kalifa take zama. A wasu motocin, musamman ƙafar gaban Honda da yawa, ratar ba ta isa, dole a zare hob gaba ɗaya, kuma zare shi yakan lalata boris, don haka a tanadi sabon boris tun kafin a fara. Wasu sukan ɗauki giranda su cinye rabin kan sitod don ya wuce. Kan nan shi ne ke hana shi zarewa, kada a taɓa shi.

In ya shiga, a jera washa masu kauri uku ko huɗu a kansa, a ɗan shafa musu giris, a kawo tsohon noti mai buɗaɗɗen kai a juya shimfiɗaɗɗen gefensa ya kalli washa, a riƙa ɗaurewa da hannu. Zai jawo sitod ɗin har kansa ya zauna daram. A leƙa ta baya da fitila: in ko takarda za ta iya shiga tsakanin kan da hob, bai zauna ba, kuma zai ƙarasa zama ne a kan hanya, noti ya saki. Kada a ja shi da bindigar iska ta ɗaure noti, tana iya miƙar da shi fiye da kima tun bai fara aiki ba. A goge giris ɗin tas daga tiredi, notin da aka ja da shi kuma a yar.

Injiniya: Oga, ka bar maganar noti mai rufaffen kai.

Bakanike: Madalla da ka tuna mini. Dogon sitod yana iya tokare rufin noti ta ciki kafin notin ya matse wili. Sifana za ta nuna maka ya ɗauru, alhali wili yana kwance. Ko a sayi mai buɗaɗɗen kai, ko mai zurfi. Kuma mazaunin noti ya dace da ramin wili: akwai mai tsini, akwai mai zagaye irin na wilin Honda na asali, akwai shimfiɗaɗɗe mai washa irin na wilin alminiyon na Toyota. Ba a cakuɗa su.

Mai gabatarwa: Wata baiwar Allah ta ce tun da aka sa wa motarta sifesa, sitiyari yake karkarwa in ta kai gudun kilomita 100 a awa. An yi balansin sau biyu, abin bai daina ba.

Injiniya: Hajiya, ki daina kashe kuɗi a balansin. A tsakiyar hob akwai ɗan leɓe da ya fito, shi ke shiga ramin tsakiyar wili ya daidaita shi. Sifesar nan mai araha, mai ramuka barkatai da aka yi don ta shiga kowace mota, tana rufe leɓen ba ta kawo nata ba. Sai wili ya zauna a ɗan karkace daga tsakiya, kuma ko rabin milimita ya isa ki ji shi a hannunki. Ki nemi wadda aka yi wa motarki takamaimai, mai ramin tsakiya daidai da hob ɗinki, mai nata leɓen a gaba. Awon ramin a Camry milimita 60.1 ne, Accord 64.1, yawancin Nissan masu noti biyar 66.1. Ki lura, dukansu ukun jerin sitod ɗinsu ɗaya ne, 5 x 114.3, wato sitod biyar a da'ira mai faɗin milimita 114.3, shi ya sa mai kanti zai ce miki duk ɗaya ne.

Bakanike: Kafin ta sayi wata ma, a cire a duba fuskar hob. Tsatsa kamar ƙwayar gero a ƙarƙashin sifesa tana sa taya rawa, daga baya kuma ta murƙushe, ɗauri ya saki. A kankare da buroshin ƙarfe har ƙarfen ya yi fari.

Mai gabatarwa: Ga wani kuma, tasa mai milimita 20 ce, irin wadda ake ɗaure ta da noti a hob, ita kuma tana da nata sitod. Ya ce wili ya ƙi kwanciya a kanta.

Bakanike: Sitod na asali ne suka leƙo ta gaban sifesar, domin sun fi ta tsawo, suna tokare bayan wili. Ya juya wilin ya duba. Da yawa daga cikin na alminiyon suna da ramuka tsakanin ramukan noti, in suna da zurfi za su haɗiye abin da ya leƙo. In babu, ko ya koma mai kaurin 25 zuwa sama, ko a rage tsawon na asalin, amma ya sani in an yanke su, ranar da ya cire sifesa sai ya sake sababbi. Ya ɗora rular ƙarfe a fuskar sifesar, kada sitod ko noti ya taɓa ta. Ya kuma gwada safayar taya tun a gida, domin wilin ƙarfe yana iya ƙin zama, kada sai dare ya yi masa a hanya ya gane.

Irin wannan sifesar notuna kashi biyu gare ta, na ciki kuma ba a ganin su. A ɗaure su da sifana mai awon ƙarfi, a tsallake-tsallake kamar zanen tauraro, a kan adadin da littafin motar ya faɗa. Ƙananan Toyota da yawa 103 Nm ne, Honda 108, Nm ɗin shi ne awon ƙarfin ɗauri. Bayan tafiyar kilomita 50 zuwa 100 a cire taya a sake bin na cikin, sannan na waje. Nan ne ƙyuya take kama mutane.

Mai gabatarwa: Injiniya, mutum uku sun yi tambaya iri ɗaya: da gaske ne sifesa tana kashe boris?

Injiniya: Tana rage masa kwana, gwargwadon kaurinta. A bayan wili za ka ga an rubuta ET da lamba, misali ET45. Wannan ne nisan fuskar da ke manne da hob daga tsakiyar faɗin wilin, a milimita. Sa sifesa mai 15 daidai yake da sa wili mai ET30, boris bai san bambanci ba. An tsara shi ne nauyi ya sauka kusan a kansa. In ka tura taya waje, kamar ka riƙe bokitin ruwa ne ka miƙe hannu: ruwan bai ƙaru ba, kafaɗa ce ke faɗa maka. Milimita 5 zuwa 15 ba abin tayar da hankali ba ne a mota mai lafiyar ƙafa. Daga 30 zuwa sama, boris da boljoyin za su riƙa gajiya da wuri, sitiyari ya ƙara nauyi, ya riƙa fizga in ka faɗa rami ko ka taka birki a hanya mara daidai.

Ni a ganina, wanda ke buƙatar fiye da 25 wilin ne bai dace da motarsa ba, gara ya nemi mai ET ɗin da ya dace. Kuma kafin a saya a auna: a sako zare mai ɗan nauyi daga bakin madigadi, a auna ratarsa da gefen taya ta sama, a rage milimita 5, abin da ya saura shi ne iyakar kaurin. Motar da aka rage wa tsayi a gwada ta da mutane a baya, a kuma murɗa sitiyari har ƙarshe dama da hagu, domin bakin madigadi yana yanka taya. Ƙasashe da dama ma dokarsu ba ta yarda taya ta wuce madigadi ba, a Jamus kuwa sifesar kanta sai da takardar amincewa.

Mai gabatarwa: Lokaci yana ƙure mana. Mai Mercedes ya ce shi motarsa ba sitod, bol ake ɗaurawa.

Bakanike: Haka Mercedes da BMW da Volkswagen suke. Ya ƙara tsawon bol daidai da kaurin sifesa, kada ya zarce. In ya yi tsawo, a ƙafar baya zai leƙa ciki ya kama kayan hambirki. Bayan ɗauri, mota tana sama, ya juya tayar da hannu ya saurara ko wani abu yana gogawa.

Mai gabatarwa: Ta ƙarshe: wani yana tambaya ko zai iya haɗa sifesa biyu masu milimita 5 su ba shi 10, ko ya jera washa a kan kowane sitod?

Injiniya: Duka biyun a'a. Kowace fuska da ka ƙara, wurin zamewa ka ƙara, washa kuwa tana raba wili da hob ne gaba ɗaya, ta bar shi a tsaye kan wurare biyar 'yan ƙanana. Ya sayi guda ɗaya mai kaurin da yake so, wadda aka sassaƙa daga curin alminiyon irin 6061-T6, ba ta zubi ba, kuma dama da hagu kaurinsu ya zama ɗaya.

Mai gabatarwa: Injiniya, Oga, mun gode. Sauran wasiƙun da suka shafi faɗin taya sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A huta lafiya.