Tiyatar karayar idon sawu ga tsofaffi: yaushe ake yi, yaushe ake bari

Jama'a, barkanmu da wannan lokaci. Da dattijo ya karye a idon sawu, tambayar da 'ya'yansa ke fara yi mana ita ce: "Likita, a shekarun Baba zai iya jure aiki?" Ni kuwa kafin in duba shekaru, abu biyu nake dubawa: ƙashin ya goce ko bai goce ba, sannan yaya fatar take.

Ƙasusuwa uku ne suka haɗu a wurin: babban ƙashin ƙwauri, siririn ƙashin gefe, da ƙashin da suke zaune a kansa. Tun 1976 wasu masu bincike biyu, Ramsey da Hamilton, suka nuna cewa idan na ƙasan ya goce da milimita 1 kacal, wurin da ƙasusuwan ke haɗuwa yana raguwa da kashi 42 cikin ɗari. Nauyin jiki sai ya taru a ɗan wuri, gaɓar ta ci kanta, amosanin gaɓɓai ya biyo baya. Shi ya sa ake buɗewa, a mayar da ƙashin mazauninsa, a ɗaure shi da farantin ƙarfe da kusoshi.

To, amma ƙashin tsufa ya yi laushi, musamman na mata bayan sun daina al'ada. Kana murɗa kusa ka ji ba ta kama ba, kamar a ruɓaɓɓen katako. Saboda haka ake amfani da faranti mai kulle kusoshinsa, ko a zura sandar ƙarfe cikin siririn ƙashin ta ƙaramin yanka. Fatar kuma ita ce ta fi ba ni tsoro. A idon sawu babu tsoka tsakaninta da ƙashi, ga ta ta yi siriri. In kumburi ya yi yawa har ta yi sheƙi, sai mu ɗage ƙafar mu jira ya sace, fatar ta fara tamoji. Mai ciwon suga da mai shan taba, rauninsu ya fi saurin ruɓewa.

A 2016 aka wallafa wani bincike daga Birtaniya kan mutum 620 da suka haura shekara 60. An yi wa wasu tiyata, wasu kuma an gyara ƙashin bayan an sa su barci, aka naɗa musu filasta mai manne wa fata. Bayan wata 6 tafiyarsu kusan ɗaya ce. Sai dai kusan ɗaya cikin biyar na masu filasta sun koma tiyata saboda ƙashin ya sake gocewa.

Abin da nake roƙonku, kada a bar tsoho kwance makonni. Kwanciya na kawo gudan jini a jijiya, ciwon huhu da gyambon baya. Idan likita ya ce a fara takawa, a taimaka masa ya taka. Kuma wanda faɗuwa daga tsaye ta karya shi, a nemi a auna ƙarfin ƙashinsa, domin ƙugunsa ma yana cikin haɗari. Yanzu mai tambaya ya ɗaga hannu.