Helike: garin da teku ta haɗiye da watan da ke kewaya Jupita

[Hoton Jupita, ɗan ɗigo a gefensa]

Wannan ɗigon da ƙyar ake gani wata ne mai kewaya duniyar Jupita, sunansa Helike. Faɗinsa bai wuce kilomita 4 ba. Masana taurari na Jami'ar Hawayi ne suka gano shi a 2003.

[Taswirar Girka]

Nan kuma, a bakin Mashigin Korinti, an taɓa yin gari mai wannan suna. A wani daren hunturu na shekarar 373 kafin haihuwar Annabi Isa, aka yi girgizar ƙasa, ruwa ya taso ya rufe garin da mutanensa. Kimanin shekara 150 bayan haka masunta na kukan cewa gunkin tagulla na Posaidon, abin bautar teku na Girkawa, yana kama musu koma a ƙarƙashin ruwa. Sai a 2001 aka tono kufan, ba ma cikin teku ba, a tudu, laka ta binne shi.

To, nan ne mutane ke ruɗewa. Ana ta yaɗa cewa don tunawa da garin aka raɗa wa watan suna. Ba haka ba ne.

Ƙungiyar masana taurari ta duniya tana da ƙa'ida: watannin Jupita suna cin sunan waɗanda tatsuniya ta haɗa da Zeyus, babban abin bautar Girkawa, wato Jupita a bakin Rumawa. Helike da watan ya ci sunanta aljana ce, ɗaya daga cikin waɗanda suka yi renon Zeyus yana jariri. Garin kuwa, Girkawa sun ce sunan wata Helike ya ci, matar Iyon, 'yar sarki Selinus. Takwara ce kawai. Ku lura kuma, abin bautar garin Posaidon ne, shi ne Neftun a bakin Rumawa. Da garin aka nufa, ai cikin watannin duniyar Neftun ya kamata a kai sunan.

[Layin da watan ke bi]

Ko harafin ƙarshe ba banza ba ne. Watannin Jupita na nesa masu kewaya shi baibai, saɓanin yadda yake juyawa, da "e" ake ƙare sunansu. Helike na cikinsu.

Ni dai garin ne ya fi tsaya mini a rai. Wani marubucin Rum, Eliyan, ya ce kwana 5 kafin bala'in ɓeraye da macizai suka kama hanya suka fice, mutanen gari na kallo, ba su san dalili ba.