Yadda Ake Gyara Samfurin Imel na Neman Haƙƙin Bayanan Sirri Ya Dace da Dokar Ghana

Assalamu alaikum 'yan uwa masu kallonmu a Aboabo da Asawase da sauran unguwannin Kumasi. Wasiƙar da kuke gani a kan allo ɗan yayata ne ya aika ta a madadin mahaifiyarsa, wadda take sayar da atamfa a kasuwar Kejetia. Ta taɓa sauke wata manhajar ba da rance a wayarta, ta shigar da sunanta da lambarta da hoton katinta na Ghana Card, ta karɓi kuɗin kuma ta biya a kan lokaci, amma saƙonnin talla ba su daina shigo mata dare da rana ba. Yaron ya samo samfurin wasiƙa a intanet, irin wanda latsawa ɗaya ke aika shi, ya tura wa kamfanin, sannan suka zauna jiran amsa har mako shida ba su ji komai ba. Da aka kawo mini wasiƙar na duba, sai na tarar gurbin da aka bari don sunan kamfani yana nan fayau ba a cike shi ba, dokar da aka ambata ta Tarayyar Turai ce, kuma babu lambar wayar da za a iya gano asusun Hajiya da ita.

Samfuri abu ne mai amfani ƙwarai, domin yana rage wa mutum wahalar tsara magana a duk lokacin da zai rubuta, kuma Gmail da Outlook duka suna ba da damar a ajiye wasiƙa a riƙa ɗauko ta. Sai dai yawancin samfuran da ke yawo an rubuta su ne domin mazauna wasu ƙasashe. Waɗanda aka yi domin Turai suna dogara da dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai, wato GDPR, wadda ta fara aiki a ranar 25 ga Mayu 2018, suna ambaton sashe na 15 a kan ganin bayanai da sashe na 17 a kan goge su, suna ba da wa'adin wata ɗaya. Waɗanda aka yi domin jihar Kalifoniya ta Amurka kuwa kwana 45 suke ambata. Kamfanin da ke unguwar Adum ta Kumasi, wanda abokan cinikinsa mutanen Ghana ne, idan ya ga wasiƙar da ta jingina da waɗannan dokoki, an ba shi hanya mafi sauƙi ta kawar da kai, alhali kuwa mai wasiƙar yana da haƙƙi na gaske a dokar ƙasarsa.

Dokarmu ita ce Dokar Kare Bayanai ta 2012, mai lamba 843, wadda ta kafa Hukumar Kare Bayanai, kuma tushenta yana cikin sashe na 18 na kundin tsarin mulkin 1992 da ya kare sirrin mutum. Saboda haka gyara na farko shi ne a cire sunan dokar waje a sa wannan a wurinta. Za a bar GDPR ne kawai idan kamfanin da ake rubuta wa yana da mazauni a Tarayyar Turai, ko kuma mai buƙatar yana zaune a can, kamar 'yan uwanmu da ke Italiya ko Jamus, kuma kamfanin yana kai wa mazauna can hajarsa ko hidimarsa. Wanda kuma yake hulɗa da kamfani a Najeriya, to can ma suna da dokarsu ta 2023, ita ce ta kamata ya ambata.

Gyara na biyu shi ne wanda na fi so mu tsaya a kansa, domin a nan ne yawancin wasiƙu suke rasa ƙarfinsu. Samfurin waje yakan tara buƙatu da yawa a sakin layi guda, ya ce a nuna masa bayanansa, a goge su, a daina talla, a daina sayar da su, duk a numfashi ɗaya. Ma'aikacin da ya buɗe irin wannan saƙo bai san da wanne zai fara ba, kuma idan ya goge bayanan da farko, mai wasiƙar ya rasa damar sanin wa da wa aka ba su. Abin da ya fi shi ne mutum ya ajiye samfuri daban ga kowace buƙata. Idan abin da yake so shi ne ya san abin da aka riƙe game da shi, sashe na 35 ya ba shi damar a gaya masa irin bayanan, da dalilin da ake sarrafa su, da waɗanda ake miƙa wa, da inda aka samo su, kuma wajibi ne a amsa cikin kwana 40 daga ranar da buƙatar ta isa. Idan tallar ce ta dame shi, kamar yadda ta dami Hajiya, sashe na 40 ya ce yana da ikon rubuta wa kamfani a kowane lokaci ya hana a yi amfani da bayanansa wajen tallata masa kaya, kuma dokar ta hana irin wannan talla tun farko in ba da rubutaccen izininsa ba. Idan yana ganin sarrafa bayanan yana jawo masa cutarwa ko damuwar da ba ta da dalili, sashe na 39 ya ba shi damar neman a dakata, kuma a nan wa'adin amsa kwana 21 ne. Duk wanda ya bar wa'adin wata ɗaya na Turai a cikin wasiƙarsa, ya gajarta wa'adin doka a buƙata ta farko, ya kuma tsawaita shi a ta ƙarshe.

Batun gogewa yana buƙatar hattara. Sashe na 33 ya ba mutum damar neman a gyara ko a goge bayanan da ba daidai ba ne, ko suka wuce buƙata, ko suka tsufa, ko aka same su ba bisa ƙa'ida ba, da kuma waɗanda kamfani ba shi da sauran izinin riƙewa. Ke nan dole ne samfurin ya bar gurbin da za a rubuta dalili, misali a ce an kammala biyan rance a wata kaza kuma an rufe asusu. Banki ko kamfanin kuɗin waya yana iya amsa cewa dokar yaƙi da halatta kuɗin haram ta wajabta masa ajiye tarihin ciniki na wasu shekaru, kuma wannan amsa ce mai tushe. Don haka yana da kyau a ƙara jimla ɗaya mai cewa duk abin da ba za a iya gogewa ba, a bayyana dokar da ta sa aka riƙe shi da lokacin da za a goge shi. Haka nan a cire kalmar da ke cewa dole a yi aikin kyauta, domin dokarmu ta bar ƙofar karɓar kuɗin da aka ƙayyade in akwai shi, saɓanin ta Turai.

Sai batun tabbatar da cewa kai ne mai bayanan. Kamfani yana da haƙƙin ya nemi shaida, kuma hakan kariya ce gare mu, don kada wani ya rubuta da sunanka ya karɓe tarihin asusunka. Amma a wasiƙar farko ya isa a rubuta cikakken suna kamar yadda aka yi rajista da shi, da lambar waya ko adireshin imel da kamfanin ya riga ya sani, da lambar asusu in akwai. Mu da sunan mutum ɗaya yake fitowa a rubuce iri biyu ko uku, wani wuri Muhammad wani wuri Mohammed, ya kamata samfurinmu ya ƙunshi layin da za a jera duk rubutun. Ina roƙon ku kada ku maƙala hoton Ghana Card a jikin samfurin da ke tafiya da kansa, domin wasiƙar da za ta je wa kamfanoni ashirin za ta raba katinku ga wurare ashirin, wataƙila har da waɗanda ba su taɓa mallakarsa ba. Lambar sirri ta asusun kuɗin waya na MoMo kuwa ba a rubuta ta a kowace wasiƙa, ko wane ne ya nema.

Ga wanda zai aika wa kamfanoni da yawa, yana iya shirya jadawali mai ɗauke da sunan kowane kamfani da adireshinsa da ranar aikawa, manhajar ta riƙa cike gurabe da kanta. Kowane kamfani a aika masa tasa wasiƙar daban, kada a jera adireshi da yawa a saƙo guda, domin yin hakan yana sanar da kowannensu sauran wuraren da kake hulɗa da su. Kafin a saki komai, mutum ya fara aika wa kansa gwaji ya karanta daga sama har ƙasa, wanda da an yi hakan da gurbin nan na wasiƙar Hajiya bai tafi a buɗe ba. Adireshin da ya dace yawanci yana cikin shafin manufar sirri na kamfanin, kuma wasiƙar da Turanci za a rubuta ta, tunda shi ne harshen aikin ofis a ƙasar nan. Taken saƙon ya faɗi nau'in buƙatar da lambar dokar a taƙaice.

A ajiye samfuri na biyu na tunatarwa, mai ambaton ranar wasiƙar farko da wa'adin da ya cika, a kuma sa waya ta tuna ranar. Amsar nan da ke dawowa nan take tana cewa an karɓi saƙonka, kada a goge ta, domin ita ce shaidar ranar da aka fara ƙirga kwanaki. Idan wa'adi ya wuce, tunatarwa ma ta tafi ba amsa, sai a haɗa wasiƙun biyu da wannan shaida a kai ƙorafi a rubuce ga Hukumar Kare Bayanai da ke Akra.