Lacca: Cire ɓangaren ƙoƙon kai bayan shanyewar ɓarin jiki mai tsanani

Assalamu alaikum. Jama'a, kowa ya ɗora hannu a kansa ya danna. Bai motsa ba ko? Ƙoƙon kan babban mutum a rufe yake ruf, abu uku ne kawai a cikinsa: ƙwaƙwalwa, jini, da ruwan da ƙwaƙwalwar ke kwance a ciki. Ƙafa in ta kumbura, fata ta kan miƙe ta ba ta wuri. Ƙashi kuwa ba ya miƙewa. Duk laccar yau a kan wannan take.

Akwai wata babbar jijiya da ke shayar da mafi yawan gefe guda na ƙwaƙwalwa. Idan gudan jini ya toshe ta tun daga tushe, wancan sashe ya kan mutu, ruwa ya cika shi, ya fara kumbura. Abin da ke ruɗa dangi shi ne ranar farko. Majiyyaci yana buɗe ido, wani ma ya riƙe hannun matarsa da hannun da bai shanye ba, sai a ce an auna arziki. Alhali kumburin sai tsakanin rana ta biyu da ta biyar yake kai wa ƙarshe. Barci ya yi masa yawa, sai an jijjiga shi yake farkawa. Ya yi amai. A haska fitila a idonsa, ƙwayar ido ɗaya ta buɗe ta ƙi tsukewa. In an kai nan, ƙwaƙwalwa ta fara danne gindinta, inda ake sarrafa numfashi. Idan magani kaɗai aka dogara da shi, kusan mutum 80 cikin 100 ba sa tashi. Ana ba da manitol, wani magani mai janye ruwa daga ƙwaƙwalwa, ko ruwan gishiri mai ƙarfi ta jijiya, a ɗaga kan gado, amma sauƙin na ɗan lokaci ne.

To me likitan tiyata yake yi? Ya tsaga fatar kai daga gaban kunne, ya zagayo sama kamar alamar tambaya. Ya huda ƙashin, ya yanke faifai guda mai faɗin aƙalla santimita 12. Wani zai ce me ya sa ba za a yi ƙarama ba? Ƙaramar kafa ta fi haɗari, don ƙwaƙwalwa za ta kutso ta ciki, bakin ƙashin ya datse jijiyoyinta. Daga nan ya buɗe tantani mai kauri da ke lulluɓe da ƙwaƙwalwa, ya yi masa faci don ya ƙara sarari, ya ɗinke fata kawai. Ƙashin kuma a adana shi a firiza, ko a ƙarƙashin fatar cikin majiyyacin.

Ku ɗan saurari alƙaluma. A 2007 an haɗa sakamakon bincike uku daga Faransa da Jamus da Holan, majiyyata 93 'yan shekara 18 zuwa 60, waɗanda aka shigar cikin awa 48 da faruwar abin. Bayan shekara guda, 78 cikin 100 na waɗanda aka yi wa tiyata suna raye, a ɓangaren waɗanda aka ba magani kaɗai kuwa 29 kacal. Wannan ba ƙaramin bambanci ba ne, tiyata kaɗan ce ke iya bugun ƙirji da irinsa. Amma cikin waɗanda aka yi wa tiyatar, waɗanda suka iya tafiya da ƙafarsu ba tare da an riƙe su ba, 43 ne cikin 100. A 2014 kuma aka fitar da wani binciken Jamus kan waɗanda suka haura 60. Mace-mace sun ragu daga 70 zuwa 33 cikin 100 a wata shida, sai dai mafi yawan waɗanda suka rayu sun zauna ne sai an ɗauke su an kwantar.

Nan nake so ku fahimce ni da kyau. Tiyatar ba ta dawo da sashen da ya mutu, hana shi kashe sauran take yi. Idan gefen hagu na ƙwaƙwalwa ne, a yawancin mutane magana ma tana tafiya tare da hannun dama. A ganina, likitan da ya ce wa dangi "za mu ceto shi" ya tsaya nan, bai cika amana ba. Ya kamata ya zauna da su tun ranar farko, da zarar hoton CT, wato hoton cikin kai da na'ura ke ɗauka, ya nuna girman ɓarnar, ya tambaye su: shi wannan bawan Allah, da yana iya magana, wace rayuwa zai karɓa? Jira har ƙwayar ido ta buɗe kafin a fara shawara, an makara. Kuma kada mu masu lafiya mu yi saurin yanke hukunci, domin da yawa daga cikin waɗanda suka rayu da naƙasa, in an tambaye su daga baya, cewa suke da za a sake sai su yarda a yi.

Wata 'yar'uwa ta miƙo takarda tana tambayar ƙashin. Bayan kumburi ya sace, wurin ya kan lotsa, majiyyaci ya riƙa sa hular kwano duk lokacin da zai tashi. Bayan wasu makonni ko watanni a mayar da ƙashinsa, in ya lalace ko ƙwayoyin cuta sun kama shi a sa na ƙarfen taitaniyom ko na roba ta musamman. Ita ma wannan tiyata ce mai nata haɗarin, don haka a lissafa da ita tun farko.